Wayata tana nuna 4G amma data ba ta motsi: in sayi mai 5G?

“Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗan kasuwa ne, shagona yana Kasuwar Barci, gidana kuma a Rigasa. Yawancin cinikina yanzu ta WhatsApp nake yi, kuɗi kuma ta taransfa suke shigowa. Abin da ke damuna, a gida wayata tana nuna 4G, amma da magariba ta yi ko hoton atamfa ɗaya ba ya tafiya. In kuma na buga waya sai in ga 4G ɗin ya ɓace, H ko E ya fito. Yarona ya ce in sayi waya mai 5G a huta. Don Allah mene ne waɗannan G-G ɗin, kuma in na saya matsalar za ta kau?”

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. In na fahimce ka, abu uku kake tambaya: mene ne bambancin 2G da 3G da 4G da 5G, me ya sa wayar take sauya harafi idan ka yi kira, sannan ko sabuwar waya za ta raba ka da wahalar magariba. Bari in fara da ta ƙarshen don kada yaron ya riga mu kasuwa: kada ka saya tukuna. Harafin da kake gani a saman waya yana faɗa maka irin yaren da wayarka take yi da ƙarfen sabis ɗin da ke kusa da kai ne kawai. Bai faɗa maka mutum nawa ne ke kan ƙarfen ba, bai faɗa maka ko wayar da ta haɗa ƙarfen da sauran duniya tana da lafiya ba, bai kuma faɗa maka ko akwai mai a janaretan da ke gindinsa ba. A shekarun da na yi ina aikin turakun sadarwa a Kaduna da kewaye, mafi yawan koken da ke zuwa mana daga waɗannan ukun yake fitowa.

Kowane zamani da ciwon da ya zo magancewa

G ɗin nan zamani yake nufi: na farko, na biyu, har zuwa na biyar. Kusan duk shekara goma ake shiga sabo, kuma kowanne ya zo ne don cike giɓin da na baya ya bari.

Na farkon murya zalla yake ɗauka, kuma yana watsa ta ne kamar yadda gidan rediyo ke yi, ba tare da kulle ba. Duk mai na'urar kama zango zai iya sauraron hirar mutane. Japan ce ta fara buɗe shi ga jama'a a Tokyo a 1979, ƙasashen arewacin Turai suka biyo a 1981, Amurka a 1983. Mu a nan shi ne layin 090 na shekarun 1990, wanda sai manyan 'yan kasuwa da manyan gwamnati ke riƙewa. Sauran jama'a kuwa sai layin NITEL na gida, wanda a faɗin ƙasar nan duka bai kai rabin miliyan ba kafin 2001. Wanda ya yi zamanin zai tuna yadda ake zuwa a bi layi don a kira ɗan'uwa a Legas ko Jidda.

Na biyu, wato 2G, shi ne GSM. An fara shi a Finland a 1991, kuma shi ya mayar da murya lambobi irin na kwamfuta kafin a watsa ta. Wannan ya kawo abu uku da har yau muke cin moriyarsu. An kulle hira, ba kowa ke iya saurara ba. An samu sim, wanda ya raba lambar mutum da jikin waya, ta yadda za ka cire ka sa a wata. Sannan hanya ɗaya ta iska ta zama tana ɗaukar kira har takwas, kowa da ɗan lokacinsa, ana juyawa da saurin da kunne ba ya ganewa. Saƙon tes na farko an aika shi a Ingila a Disambar 1992.

A Najeriya sai a Janairun 2001 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, lokacin Injiniya Ernest Ndukwe yana shugabanta, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. Econet da MTN suka fara aiki a Agustan shekarar. Na san ka tuna, Alhaji, sim ana sayensa da dubban nairori, kira kuma naira 50 a minti ko da “ina nan tafe” kawai ka ce. Sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa kafin sauran su sauko. Econet ɗin nan ita ce ta yi ta sauya suna, Vmobile, Celtel, Zain, har ta tsaya a Airtel a 2010. Etisalat ta zo a 2008, ta koma 9mobile a 2017. E ɗin da kake gani a wayarka ɗan gidan 2G ne. An yi wa 2G ɗin ƙari ne don ya ɗan ɗauki intanet, amma saurinsa da ƙyar yake wuce kilobit 200 a daƙiƙa. Saƙon rubutu zai wuce a kansa, hoto kuwa sai an yi haƙuri.

3G shi ne na farko da aka gina da niyyar intanet tun daga tushe. Japan ta sake yin gaba a 2001, mu kuma aka ba da lasisinsa a 2007. H da H+ gyare-gyarensa ne, waɗanda suka ɗaga saurin daga ƙasa da megabit ɗaya, wato kilobit dubu, zuwa megabit masu yawa. Amma abin da mutane ke mantawa shi ne, 3G bai yi armashi a nan ba sai da manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka ƙaru. A 2010 wayoyin MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas, WACS ta biyo a 2012. Daga nan data ta fara araha, aka shiga zamanin BlackBerry da Facebook da WhatsApp. 3G yana da wata ɗabi'a da ta ba mu wahala a fagen aiki: idan mutane suka yi yawa a kan ƙarfe, faɗin wurin da yake kaiwa sai ya tsuke. Gidan da ke bakin iyaka zai samu sabis da hantsi, da daddare ya nema ya rasa, alhali ba abin da ya lalace.

4G kuwa ya zo da shawara mai tsauri. Masu tsara shi suka ce komai data ne, suka cire tsohuwar hanyar kiran murya gaba ɗaya. An fara shi a biranen Stockholm da Oslo a Disambar 2009. A nan ƙananan kamfanoni irin su Smile da Spectranet ne suka fara kawo shi, manyan kuma suka shigo daga 2016. Yana yanka zangon iska ƙanana-ƙanana yana raba wa wayoyi gwargwadon buƙata, yana kuma aiki da eriya fiye da ɗaya a lokaci guda. A ganina shi ne zamanin da ya fi kowanne canza kasuwa irin taka, domin da shi bidiyo da kiran ganin fuska da manhajar banki suka zama abin yau da kullum.

Dalilin da 4G ke ɓacewa idan ka yi kira

Amsar tana cikin abin da na faɗa yanzu. Tunda 4G ba shi da hanyar murya irin ta da, idan ka danna kira, cibiyar kamfani tana cewa wayarka ta sauka zuwa 3G ko 2G ta yi kiran, in ta gama ta hau. Haka ma idan ka danna lambobin banki masu tauraro, yawanci ta tsohuwar hanyar suke bi. Saboda haka wayarka lafiyarta ƙalau, haka aka tsara abin. Akwai maganinsa, wani tsari da ake kira VoLTE, wanda ke ɗora muryar a kan data ta 4G. Kira yana shiga da sauri, murya ta fi fita, kuma data ba ta yankewa kana magana. Sai dai dole abu uku su haɗu: kamfaninka ya kunna shi a layinka, wayarka ta iya shi, kuma kamfanin ya san irin wayar. Ka duba saitin sim a wayarka, in ka ga VoLTE ka kunna. In harafin bai daina sauka ba, ka je ofishinsu su duba layin.

Wannan saukar da waya ke yi don kira tana cikin abin da ya sa tsofaffin zamunan ba su mutu ba. A ƙarfe ɗaya a Kawo ko Tudun Wada za ka iske 2G da 3G da 4G duk suna aiki tare. Jamus ta kashe 3G a 2021 ta bar 2G, Amurka ta kashe nata 3G a 2022. Mu kuwa 2G zai daɗe, domin ƙaramar waya mai madannai ita ce wayar manomi da makiyayi da tsofaffinmu, batirinta yana kwanaki, kuma akwai na'urorin POS da yawa da ke dogaro da tsofaffin hanyoyin. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, lambobin banki a kan ƙananan wayoyi sun ceci mutane da dama. Duk wanda ya ce a kashe 2G gobe bai san ƙauyukan Giwa da Kachiya ba.

Wahalar magariba

A nan ne ainihin ciwon naka yake, don haka zan ɗan daɗe. Ƙarfen sabis yawanci fuska uku gare shi, kowace tana kallon kashi ɗaya cikin uku na unguwa. Kowace fuska tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka, kuma duk wayoyin da ke ƙarƙashinta rabawa suke yi. Da hantsi mutanen Rigasa sun watsu, wasu suna kasuwa, wasu makaranta, wasu wurin aiki a cikin gari. Bayan magariba kowa ya dawo, ya ci tuwo, ya buɗe TikTok ko YouTube. Ƙarfen bai ƙaru ba, masu rabon ne suka ninka. Sandunan da ke saman wayarka za su nuna cike, domin ƙarfin siginar suke aunawa, ba yawan abin da ya rage maka ba. Unguwa mai cunkoso irin Rigasa, wadda ta faɗaɗa da sauri fiye da yadda ake kafa turaku, dole ta ji wannan fiye da Unguwar Rimi ko Malali.

Na biyu shi ne abin da ke bayan ƙarfen. Hotonka in ya bar wayarka ya hau ƙarfe, tafiyarsa ta fara ke nan. Zai bi ko dai wayar faiba da aka binne a ƙasa, ko kuma farin farantin nan zagayayye da kake gani a jikin ƙarfe, wanda ke harba saƙo zuwa wani ƙarfen. Daga nan ya je cibiyar kamfani, sau da yawa ya gangara har Legas, ya shiga wayar teku. Ka ɗauka an faɗaɗa titin Ahmadu Bello ya zama layi goma, amma gadar da ke kan kogin Kaduna tana nan yadda take. Duk mai zuwa Barnawa ko Kakuri a bakin gadar zai tsaya. Sabon G faɗaɗa titin ne, gadar kuwa ita ce wannan haɗin na baya. A Maris ɗin 2024, da wayoyin teku da dama suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane a nan suna ganin 4G cike amma bankuna da intanet suka yi ta tangarɗa.

Na ga wannan da idona lokacin da ake ta aikin faɗaɗa tituna a cikin gari. Motar haƙa ta ja wayar faiba ta tsinka, nan take turaku da yawa suka yi shiru ko suka koma kan farantin da ba zai iya ɗaukar nauyin ba. Gyaran kuma ba ɗaurin wayar lantarki ba ne. Sai an auna da na'ura a gano daidai mitar da ta yanke, a tone, a fito da bakin biyu, a share laka. A cikin baƙar robar akwai siraran zaren gilashi masu launi daban-daban, kowanne sai an fere shi, an goge da sinadari, an yanke bakinsa daidai, a sa a injin da ke narkar da su ya haɗe. Ƙura ɗaya ta hau, sai an sake. Yawanci da fitilar goshi ake yi a cikin rami, mutanen unguwa suna tsaye a kai suna tambayar yaushe sabis zai dawo. Abin yana ci mini rai, domin waya guda da mai aikin titi zai buga kafin ya fara haƙa za ta hana wannan asarar. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare, kuma ina fatan a ga aikin dokar a ƙasa.

Na uku wuta ce. Kusan kowane ƙarfe yana da janareta da batira a gindinsa, wasu da sola. Yawancin turakun ma ba na kamfanin layinka ba ne, na kamfanonin haya ne irin su IHS da ATC, shi ya sa wani lokaci layi biyu ke ɗaukewa tare. In dizal ya yanke, ko ɓarayi suka kwashe batira, ƙarfen ya mutu, sai wayoyin unguwar su ruga kan na maƙwabta, shi ma ya cika. Da damina ruwa mai ƙarfi yana raunana harbin faranti. Da hunturu ƙura tana toshe matatar na'urar sanyaya ɗakin kayan, ta lulluɓe sola. A wuraren da tsaro ya taɓarɓare, kamar hanyar Birnin Gwari, kai mai da zuwa gyara kansu sun zama aiki mai haɗari. Ka tuna kuma a ƙarshen 2021 an rufe sabis a wasu sassan jihar nan kusan wata biyu saboda matsalar 'yan bindiga.

To, 5G fa?

Koriya ta Kudu ce ta fara buɗe shi sosai a Afrilun 2019. A nan NCC ta yi gwanjonsa a Disambar 2021, MTN da Mafab suka samu a kan dala miliyan 273.6 kowanne. MTN ta fara a 2022 da birane bakwai, Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri, ka ga Kaduna ba ta cikin rukunin farko. Airtel ta fara nata a 2023. Saurinsa gaskiya ne. Inda yake da ƙarfi za ka ga ɗaruruwan megabit, kuma yana ɗaukar jama'a da yawa fiye da 4G, domin an ba kowane kamfani zango mai faɗin megahaz 100. Saboda haka ba zan ce ba shi da amfani ga cunkoso ba, don cunkoson ma aka yi shi.

Matsalar tana wurin zangon. 5G ɗinmu yana kan megahaz 3500, alhali 2G yana kan 900 da 1800, 4G kuma yana da na ƙasa irin 700 da 800. Duk mai sauraron rediyo ya san zango-zango ne, wani yana cin nisa, wani ba ya ci. Idan lambar ta yi sama, nisan yana raguwa, kuma ratsa bango yana wuya. Gidan bulo mai rufin kwano, ɗaki can ciki bayan zaure da tsakar gida, zai iya samun 5G a ƙofar gida ya rasa a kan gado. Ga shi kuma ba kowane ƙarfe aka ɗora wa kayansa ba, jefi-jefi ne, an fi sa shi inda kamfani ke ganin masu sayen data da yawa. Yawancinsa ma a kan 4G yake jingine. Idan ƙarfen unguwarku ba shi da shi, sabuwar wayar 4G ɗin nan dai za ta kama, ta shiga rabon magariba tare da kowa, kuɗinka kuma sun tafi.

Tunda an zo nan, bari in taɓa maganar da aka yi ta yaɗawa a 2020 cewa 5G ne ke kawo korona. Ba gaskiya ba ne. Ƙwayar cuta ba ta bin iskar rediyo, kuma cutar ta shiga ƙasashen da ko ƙarfen 5G ɗaya ba su da shi, har da tamu a lokacin. Wani abin lura ga masu hana kafa ƙarfe a unguwa: idan ƙarfe ya yi nisa, wayar da ke manne da kunnenka ce ke ƙara ƙarfin harbinta don ta kai, shi ya sa take zafi batir ya zube. Ana kuma maganar 6G wajajen 2030, amma wannan har yanzu a teburin masu tsarawa yake.

Abin da zan ba ka shawara

Daga nan inda nake ba zan iya yanke hukunci a kan wanne ne cikin ukun ke damun gidanka ba, sai an gwada a wurin. Amma gwajin ba shi da wuya. Ka tura hoto ɗaya bayan sallar asuba, ka sake tura irinsa bayan isha'i, a wuri ɗaya. In na asuba ya tafi nan take na dare ya maƙale, cunkoso ne, wayarka ba ta da laifi. In duka biyun sun maƙale amma da ka fito ƙofar gida ya wuce, bango da rufi ne. In a ko'ina haka take yi har a kasuwa, to a duba wayar da sim ɗin. Tsohon sim yana buƙatar a sauya shi, kuma wasu wayoyin da ake shigowa da su na hannu an yi su ne don wata ƙasa, ba sa kama duk zangunan 4G ɗin da ake aiki da su a nan, musamman masu ƙaramar lamba da ke shiga ɗaki.

In cunkoso ne, abu mafi araha shi ne layi na biyu na wani kamfanin. Ka tambayi maƙwabtanka na jiki wanne ne ya fi yi musu aiki da daddare, domin wannan yana bambanta daga layi zuwa layi a unguwa ɗaya. In ka ga wani ya fi naka nesa ba kusa ba, tun 2013 doka ta ba ka damar komawa can da lambarka yadda take, kwastomominka ba za su rasa ka ba. Wata dabarar da nake ba 'yan kasuwa ita ce, idan 4G ya cushe, ka shiga saiti ka mayar da wayar 3G na ɗan lokaci. Wani sa'in H+ da mutane suka watse daga kansa ya fi saurin kai hoto. Ka kuma riƙe lambobin bankinka masu tauraro a ka, don ranar da manhaja ta ƙi buɗewa. In bango ne matsalar, ƙaramar rauta, wato na'urar da ake sa wa sim ta raba intanet a gida, da za a ajiye a taga ko wuri mai tsayi za ta fi sabuwar waya amfani, ga shi duk gidan za su mora.

Game da 5G, kafin ka fitar da ko kwabo, ka sa yaron ya nemo abokinsa mai irin wayar da layin da aka buɗe wa 5G. Su zo shago da rana, su zo gida bayan magariba, su shiga har ɗakin da kake zama. In 5G ya fito ya zauna a wuraren biyu, kuma dama wayarka ta tsufa, saya, za ka ji daɗinsa. In bai fito ba, ka bar kuɗin a jari. Idan ka yi gwajin asuba da isha'in, ka turo mini sunan wayar da harafin da ta nuna a kowane lokaci da kuma ɓangaren Rigasar da kake, in sha Allahu zan faɗa maka matakin da ya fi dacewa.